Kofin da Ya Sauka daga Ƙusa

Daga gidan Kaka

Assalamu alaikum, Gajera.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kuma zafin nan da ya sako mu gaba. Mu nan lafiya lau, sai Kaka da ƙafafu suka hana ta yawo. Ita ma da sauƙi, tunda bakin nata ko gezau bai yi ba.

Na san kina juya takardar nan kina cewa wane marar kunya ne yake kirana Gajera. Ni ne Kunnuwa, jikan ƙanwar Kakarki, wanda kika gantsara wa cizo a kafaɗa ranar da ya sha ruwa a kofinki. Tabon yana nan, matata ta sha tambayata, ina ce mata kare ne. Yanzu ni tela ne, shagona yana ɗakin gaba na gidan, ni da ita muke kula da tsohuwa. Adireshinki kuwa wani mai kawo mini ɗinki ne ya samo mini. Ya je asibitinku gwajin jini, ya dawo yana cewa wata mai kama da babanki, Kawu Direba, sak ta tsira masa allura babu ko sannu. Na ce ai ba sai an bincika ba, ita ce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Dogon hutu ya ƙarato, kuma har yanzu duk shekara dangi suna haɗuwa a gidan nan kamar yadda kika bar mu. Na nesa su zo da 'ya'yansu, a baza katifu har ƙarƙashin tebur, a yi ta faɗa a kan banɗaki, a yi sulhu a kan shayi. Bana Gwaggo Babba, yayar babanki, za ta haɗa da walimar jikarta da ta gama makaranta, saboda haka gidan zai cika har ya yi amai.

Ban sani ba ko kina tuna bangon baranda. Kowa a zuri'ar nan yana da ƙusarsa da kofinsa na silba, da zare mai launi ɗaure a mariƙin. In ka iso, kafin ka gaida kowa sai ka sauke kofinka ka sha ruwa. In za ka koma, ka wanke ka rataye. Kaka ba ta tambayar wa ya zo, wa ya tafi. A leƙa da ita baranda ta kalli bango, ta gama sani. Ƙusoshi sun ƙaru tun bayanki, wasu kuma sun yi tsatsa ba komai a kansu.

Naki yana nan, ɗan ƙarami mai jan zare, a ƙusar da ko gwiwata ba ta wuce ba. Na babanki ma yana nan can sama, mai shuɗin zare da lotsattsen gindi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, duk hutu bango yakan zama wayam sai su biyun. Ni dai in na wuce da safe ba na son kallonsu, gaskiya ke nan.

Kaka ta tsufa, Gajera. Ki zo ko na kwana biyu ne.

Ɗan'uwanki,
Kunnuwa Tela

*

Daga wurin aiki

Wa alaikumus salam, Kunnuwa.

Wasiƙarka ta iso, na gode. Ina lafiya, sai gajiyar tsayuwa. Allah ya ƙara wa Kaka sauƙi. Ka gaida matarka, ka kuma faɗa mata gaskiya a kan tabon nan, don ban yarda a ba kare ladan aikina ba. Kunnuwan suna nan yadda na san su, ko kan ya girma ya cim musu?

Na yi dariya da na karanta, daga baya kuma na kasa cin abinci. Ka tambaya ko ina tuna bangon. Ai shi kaɗai nake tunawa. Fuskokinku duk sun goge, amma bangon nan ko yanzu zan zana maka shi.

Ina shekara shida. Ranar an cika gida, Baba ya ɗauki mota zai je tasha ya ɗauko baƙi. Na riƙe masa wando ina kuka sai ya tafi da ni, ya ce in zauna, yanzu zai dawo. An ga motar daga baya a gefen hanya, a kulle, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Washegari na fito baranda na ɗaga kai, sai ga kofinsa a rataye. Kai ma ka san dokar gidan: wanda zai je tasha ya dawo ba ya rataye kofi. Mai tafiya ne yake ratayewa.

Mahaifiyata ta ga abin da na gani. Ta jira iya jira, sannan ta tattara ni muka koma wurin danginta, kuma har ta rasu maganarta ɗaya ce: mutumin da ya wanke kofinsa ya rataye ya san abin da yake yi. Da wannan na girma, Kunnuwa. Ubana ya dube ni ina kuka, ya ce yanzu zai dawo, alhali ya riga ya yi sallama da gidan.

Duk da haka, don ka ga rashin zuciyata, duk dattijon da ya miƙo mini hannu a wurin aiki sai na kalli babban yatsansa, ko zan ga farcen da ƙofar mota ta fasa. Wataƙila shi ya sa mai ɗinkinka bai samu sannu ba, hankalina yana kan yatsansa.

Ba zan zo ba. Hutu a wurinmu wahala ne a wannan lokacin, kuma ko da sauƙi ne ban ga abin da zan zo yi a gaban bangon nan ba. In kun yi hoton taro ka aiko mini, in ga yadda kuka lalace.

'Yar'uwarka,
wadda ta fi ka tsawo yanzu, na tabbata

*

Daga gidan Kaka

Assalamu alaikum, doguwa a baki.

Ina fatan kina lafiya. Mu nan kowa lafiya, in ban da yaran Gwaggo da suka sha ruwan sanyi har muryoyinsu suka dishe, abin da ya zame mana hutu. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Kowace mace a zuri'ar nan ta iso da yadi a jaka, kuma kowacce tana son nata kafin walima, kyauta. Idona har rawa yake.

Maganarki ta tsaya mini a rai. Ni lokacin ina yaro, ban san haka kuka ɗauki abin ba. Ban karanta wa Kaka duka ba, na dai ce kina gaishe ta, aiki ya riƙe ki. Ta ce, «Za ta zo.» Na ce Kaka, ta ce fa ba za ta samu hutu ba. Ta ce, «Kai da kunnuwa har biyu kamar faranti, amma ba ka ji. Na ce za ta zo.»

Walima ta yi kyau. An kafa rumfa a tsakar gida, an yi shinkafa tukunya-tukunya, mijin Gwaggo ya tashi zai yi jawabin minti biyu, sai da shayi ya huce aka sake ɗorawa. Da daddare ba wurin taka ƙafa, ni da nake mai gida a kan teburin yanka na kwana.

Sai dai tsohuwar tana ba ni tsoro kwanan nan. Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, sai in jiyo ta daga shago tana hira ƙasa-ƙasa, tana yin shiru kamar mai sauraron amsa, sannan ta yi 'yar dariya. In na leƙa, ita kaɗai ce. Matata ta ce tsufa ne, in daina sa ido.

Ga hoton da kika nema, a baranda aka yi shi kamar kullum. Mai ɗankwali kamar lema ita ce Gwaggo. Kyakkyawan da ke tsugune a gaba ni ne. Za ki ga fili a gefen Kaka a kan benci. Yara sun so su zauna, ta kore su da sanda, wai a bar wurin. Mun yi ta fama ta kalli gaba, ta ƙi, shi ya sa kika ga idonta a gefe tana murmushi.

Taron zai kai ƙarshen hutu, wasu ma ba su iso ba tukuna. Ƙofa a buɗe take.

Naki,
Kunnuwa

*

Daga wurin aiki

Kunnuwa,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya, ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Me ya sa ba ka faɗa mini kai tsaye ba? Ko cewa ya yi kada a gaya mini, kai kuma ka rasa yadda za ka yi, sai ka turo hoton don in gani da idona? In haka ne Allah ya yi maka albarka, na gani.

Na kai hoton wurin aiki na sa shi a ƙarƙashin gilashin da muke ƙara girman abu da shi. Na bi bangon da ke bayanku ƙusa bayan ƙusa. Nawa yana nan a ƙasa, kusa da ƙafar wani yaro. Ƙusar sama, ta kusa da taga, babu komai a kanta. Kai da bakinka ka ce shekara ashirin da ɗoriya kofin nan bai motsa ba. A gidan nan kuwa kofi ba ya sauka sai mai shi ya iso.

Sai komai ya faɗa wurinsa. Hirar da Kaka take yi da rana. Wurin da ta hana yara zama. Kuma ba ka faɗi wanda ya ɗauki hoton ba! Ka manta Baba bai taɓa shiga hoton taro ba, kullum shi ne mai riƙe kyamara, yana cewa kowa ya ce wani abu ya yi dariya? Shi ya tashi daga gefenta ya je ya ɗauka, ita kuma shi take wa murmushi.

Na zaci in ranar nan ta zo zan yi fushi. Na yi shekara da shekaru ina tanadin maganganun da zan gaya masa, wallahi yau ko ɗaya na nema na rasa. Abin da nake ta tunani shi ne ko ya rame, ko yana da hawan jini, ko haƙoransa suna nan.

Na je wurin shugabarmu na ce ko ta ba ni hutu ko ta nemi wata, ta kalle ni ta sa hannu. Na saya masa takalmi, na fata, baƙi. Ban san lambarsa ba, na dai tuna ina zura ƙafafuna biyu a cikin guda ɗaya, sai na ce a ba ni mafi girma a shagon.

Kada ka ce masa ina tafe, kada kunya ta sa ya sake gudu. Ka riƙe mini shi da hira, ka auna shi, ka ce za ka yi masa riga, ka yi ta jan aikin kamar yadda kuka saba. Zan taso ƙarshen mako mai zuwa.

Gajera, na yarda, Gajera

*

Daga gidan Kaka

Assalamu alaikum, 'yar'uwata.

Muna lafiya. Ina roƙon Allah wasiƙar nan ta riske ki kafin ki taso, ko da yake taki ta daɗe a hanya, kuma lissafina yana ba ni tsoro.

Gajera, babanki bai dawo ba. Mai hoto na bakin kasuwa ne ya ɗauki hoton, ni na kira shi.

Da na karanta wasiƙarki na tashi da tef ɗin awo a wuya na nufi baranda. Wallahi ban lura ba sai lokacin. Gida cike da mutane, an rataye tawul da hulunan yara a ƙusoshi, ina wucewa ta gaban bangon kullum ban gani ba. Ƙusar tana nan tsirara, da da'irar fari a bango inda kofin ya tare ƙura shekara da shekaru.

Na tara yara na yi musu barazana, suka rantse ba su taɓa ba, kuma ko sun so ba za su kai ba. Na tambayi manya ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo da ta ji, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ce in je in duba wurin Kaka.

Akwai rabin dokar da ba ki sani ba, kuma laifina ne da ban faɗa miki ba tun a wasiƙar farko, na ɗauka kowa ya sani. Kin bar gidan nan ba ki taɓa ganin an yi rasuwa a cikinsa ba. Kofi yana sauka in mai shi ya iso, haka ne. Yana kuma sauka saukar ƙarshe in mai shi ya rasu. Kaka ce take karɓa ta wanke, ta miƙa wa ɗansa ko 'yarsa. Ƙusoshin da na ce miki sun yi tsatsa, nasu ne.

Na same ta a bakin gado, kofin yana kan cinyarta a ƙarƙashin mayafi. Na ce Kaka, wa ya sauko miki da wannan? Ta ce, «Mai shi.» Na ce Kaka, ki bar wasa. Ta ce ranar jajibirin walima, da rana, kowa ya kwanta, ya shigo da rigar da ya fita da ita, ko furfura ɗaya babu. Ya sauke kofinsa, ya tara a famfo, ya sha, ya sake tarawa ya sha. Sannan ya zo ya zauna kusa da ita ya ce, «Inna, na gaji da tafiya, ki sauke ni.»

Ni ba mai yarda da irin waɗannan ba ne, kin dai ji bakina. Amma na koma baranda na auna. Ni kaina sai na yi ɗage nake taɓa ƙusar nan. Kaka kuwa ba ta iya zuwa ƙofar ɗakinta sai an riƙe ta, kujera kuma ko a mafarki ba za ta taka ba. Na sake aunawa, kamar tef ɗin zai canza magana. Matata ta ce wani ne cikin baƙi ya sauko mata da shi ya manta, ko yake jin tsoron faɗa. Na ce to, haka ne. Tun ranar dai ba na zama a shago ni kaɗai da rana.

Kaka ta ce kofin naki ne, ba za ta ba kowa ajiya ba. Na ce kin taho da takalmi. Ta ce, «Bar ta ta zo da shi.»

In wannan ta same ki, ki zo duk da haka, amma ki zo da sanin abin da za ki tarar. In ba ta same ki ba, ban san da wace fuska zan tare ki a tasha ba.

Ɗan'uwanki,
Kunnuwa

*

Daga wurin aiki

Assalamu alaikum, Kunnuwa.

Na iso lafiya, na koma aiki, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota amma sun sace. Ina fatan Kaka tana samun barci, matarka kuma ta huta da wanke-wanke. Ka gaida Gwaggo in ba ta koma ba.

Da na buɗe ƙofar ɗakina, wasiƙarka ce ta fara tarata a ƙasa, an turo ta ta ƙarƙashin ƙofa. Ta iso bayan tafiyata. Na zauna a kan akwatina na karanta gargaɗin abin da ya riga ya same ni. Ka ce ba ka san da wace fuska za ka tare ni ba. To, da fuskar marar gaskiya ka tare ni, kana ta tambayata hanya, kana yaba akwatina, ni kuma na ɗauka duk cikin ɓoyon ne. Na yafe maka. Ni ma da ni ce da ban iya ba.

Ka ga lokacin da na shige ku da gudu rungume da kwalin takalmi, ina leƙa ɗaki bayan ɗaki, dangi suna tashi suna kama hannuna ina fizgewa. Ka ga lokacin da na tsaya a tsakar gida na ce, «Ina yake?» Abin da ba ka gani ba shi ne bayan Kaka ta ce a turo ni, a ja ƙofa. Ka tambaye ni a hanyar tasha na ce sai na rubuto. Ga shi.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, «Kin sauke kofinki?» Na ce a'a. Ta ce, «To ba ki iso ba. Je ki.» Shi ne ka ga na fito na durƙusa a gaban bango. Kofin ko tafin hannuna bai cika ba. Na sha na koma.

Ta zaunar da ni a gefenta, ta ce in matsa kaɗan, na zauna a kan wurinsa. Na matsa, Kunnuwa. Ni da nake aiki da gilashi da allura, na matsa.

Ta ɗora mini kofin a cinya. Sai duk abin da na tanada ya dawo mini, na ce, «Kaka, ko ya mutu ko yana raye, ai shi ya zaɓa. Ya wanke kofinsa ya rataye, ya bar ni ina kuka.»

Ta ce, «Wa ya ce miki shi ya rataye?»

Ta ce ranar da zai fita ya tsaya a baranda yana sha, baƙin suka aiko daga tasha a yi sauri, sai ya ajiye kofin a bakin taga da sauran ruwa a ciki, ya ce kada kowa ya zubar masa, yanzu zai dawo ya ƙarasa. Ruwan ya wuni a nan. Magariba ta yi, aka fara fita nema. Ta ce tana kallon kofin nan a bakin taga, ta san in ya kwana a nan, to ɗanta ya fita da niyyar dawowa wani abu ya hana shi, kuma abin da ke hana irinsa dawowa wurin 'yarsa guda ɗaya ne. Sai ta jawo kujera ta taka, ta rataye shi da hannunta. Ta ce, «Na mayar da shi matafiyi. Matafiyi ai ana jiransa.»

Na ce, «Kin san abin da kika yi mana? Uwata ta mutu tana jin haushinsa.» Na faɗa da ƙarfi, na san kun ji daga waje. Ba ta kare kanta ba. Ta ce, «Na sani. Shi ma abin da ya zo ya faɗa mini ke nan.»

Na so in ci gaba da fushi, na kasa riƙe shi. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: ya ce kada a zubar masa. Da ya ce mini yanzu zai dawo, gaskiya ya faɗa. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba tun ina shekara shida, ita kuma tana bubbuga bayana tana cewa in yi a hankali kada in tashi yara.

Sauran ka gani. Rumfar da aka kafa don walima ita aka zauna a ciki aka yi masa addu'a, maƙwabta suna shigowa suna yi mini ta'aziyyar mutumin da wasunsu ba su taɓa gani ba. Ban san taron dangi yana da amfani ba sai ranar, da na juya ko'ina na ga goshinsa da hancinsa a fuskokin mutane.

Takalmin ka riƙe. Na ga yadda kake tafiya a cikinsa kamar agwagwa, ka cusa ƙyalle a gaba, ai ba ka rasa ƙyalle ba. Ƙusata kuma kada ka ɗaga ta sama kamar yadda ka ce za ka yi. Na rataye kofina a inda yake, baɗi in Allah ya kai mu zan durƙusa in sauke.

Game da wanda ya sauko da nasa, na bi bayanka na tambayi kowa, har mijin Gwaggo, wanda ya amsa mini da jawabi. Ban samu komai ba, kuma na daina nema. Abu ɗaya dai zan faɗa maka, kada ka gaya wa matarka ta yi mana dariya. Lokacin da Kaka ta ɗora mini shi a cinya, da sauran ruwa a ciki, wajen rabi. Na tambaye ta ko ita ta zuba, ta ce ita da ba ta kai famfo.

Mai gidan da nake haya ya ga kofin, ya ce zai kawo guduma ya buga mini ƙusa a kicin. Na ce ya bari. Yana kan tebur, kusa da nawa na shayi, inda nake karyawa da safe. A gidanmu ai wanda ba ya nan ake ratayewa.

'Yar'uwarka,
Gajera